Yadda ake gane raka'o'in salla, da ƙirga su, da gyara su idan an rafkana

Mutum yakan shekara da shekaru yana salla a sahu lafiya lau, sai ranar da ya fito daga Kantin Kwari a makare ya riski liman a raka'ar ƙarshe ta Magariba. Liman ya yi sallama, shi kuma ya miƙe bai san inda zai zauna ba, bai san ko zai karanta sura ba. Dalili shi ne ya saba bin motsin jama'a, bai taɓa zama ya gane yadda aka gina sallar ba. Tubalin ginin kuwa guda ne, ita ce raka'a. Idan ka san abin da ke cikinta da wuraren da ake zama, to kowace salla ta zo hannunka. Bayanin nan a kan mazhabar Malikiyya yake, wadda ake karantarwa a zaurukan Kano tun daga littattafan Ahalari da Ishmawi. Inda wani aikin ya yaɗu a gari zan ambata.

Abin da za ka tanada

Ruwa mai tsarki a buta, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja ba. Ruwan 'yan garuwa ya isa, sai dai ka duba jarkar, domin wadda aka taɓa zuba kananzir ko manja a cikinta takan canja ruwan. Idan babu ruwa, ko rashin lafiya ta hana ka taɓa shi, ka yi taimama da ƙasa ko dutse bayan lokacin sallar ya shiga, kuma a Malikiyya kowace farilla da tata taimamar.

Tufa mai tsarki. Namiji ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa aƙalla, mace ta rufe jiki duka ban da fuska da tafin hannu. Samari masu gajeriyar riga su kula, sau da yawa ƙugu yakan buɗe a sujada.

Wuri mai tsarki. Darduma da tabarma da buzu duk taimako ne kawai, busasshiyar ƙasa mai tsabta ta wadatar.

Alƙibla. Daga Kano ba gabas sak take ba, ta ɗan karkata arewa, kusan digiri 68 daga arewa idan da na'ura kake aunawa. Mafi sauƙi shi ne ka dubi yadda masallacin unguwarku ya fuskanta.

Lokaci. Rana tana gushewa daga tsakiyar sama a Kano tsakanin 12:10 da 12:40 gwargwadon watan da ake ciki, saboda haka wanda ya yi Azahar da sha biyu daidai bai yi ta a lokacinta ba.

Sai haddar Fatiha da gajeriyar sura ko da ɗaya, da tahiya. Wanda bai riga ya haddace Fatiha ba, ya lazimci bin liman, domin liman yana ɗauke wa mamu, wato mai bin sa, karatu, ya kuma dage da koyo.

Mataki na 1: Riƙe adadin

Asuba 2, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4. Jimla raka'a 17 a yini da dare. Kowace raka'a ruku'u ɗaya ne da sujada biyu, wato sujada 34 ke nan. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa da farko raka'a bibbiyu aka farlanta salla, daga baya aka ƙara ta mazaunin gida aka bar ta matafiyi yadda take. Riƙe wannan, yana taimakawa wajen gane abin da ya sa raka'o'i biyun farko suka bambanta da na baya.

Mataki na 2: Gina raka'a ɗaya

Ka tsaya ka fuskanci alƙibla, ka tayar da iƙama, ka ƙudurta a zuciya sallar da za ka yi. Niyya a zuciya take, ba sai ka furta ba. Ka ɗaga hannuwa daidai kafaɗa ka ce Allahu Akbar. Wannan ita ce kabbarar harama, ita ce ƙofar shiga, kuma sau ɗaya ake yin ta. Bayan ta wasu suna sakin hannu, wasu suna ɗora dama a kan hagu. Duka biyun za ka gan su a sahu ɗaya a Kano, kuma babu wanda sallarsa ta ɓaci saboda wannan.

Ka karanta Fatiha, ka ce amin, ka biyo da sura. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne karatu a zuci. Ko a sallar da ake asirta karatu dole harshe ya motsa. Wanda ya tsaya baki rufe yana bin Fatiha da tunani bai karanta ba.

Ka yi kabbara ka sunkuya, tafukan hannu a kan gwiwoyi, baya a miƙe, kai daidai da baya. Ka ce Subhana Rabbiyal Azim wa bihamdihi. Ka ɗago kana cewa Sami'allahu liman hamidah, sannan Rabbana wa lakal hamdu. Idan kana bayan liman, na biyun kaɗai za ka faɗa.

Ka tsaya cak har gaɓoɓinka su natsu kafin ka sauka. A nan ne sallar mutane da yawa take lalacewa ba su sani ba: a ɗago rabi daga ruku'u a zarce ƙasa. Daidaituwa da natsuwa farillai ne. Mutumin da ya yi salla da gaggawa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ce masa ya koma ya sake domin bai yi salla ba, har sau uku, kuma da aka koya masa, natsuwa ce aka riƙa nanata masa a kowane rukuni.

Ka yi kabbara ka sauka sujada. Goshi da hanci a ƙasa, tafukan hannu kusa da kunnuwa, gwiwoyi biyu, da cikin yatsun ƙafa. Namiji ya raba cikinsa da cinyoyinsa ya ɗaga gwiwar hannu, mace ta haɗe jikinta. Idan hula ko rawani ya sauko, ka tura shi baya goshi ya taɓa ƙasa. Ka ce Subhana Rabbiyal A'ala, ka roƙi abin da kake so. Ka ɗago da kabbara ka zauna har ka natsu, ka sake kabbara ka yi sujada ta biyu.

Ɗagowarka daga sujada ta biyu, raka'a ta cika. A nan ake ƙirge, ba a tsayuwa ba.

Mataki na 3: Sanin wuraren zama da yanayin karatu

Ƙa'ida uku ce ke haɗa raka'o'i su zama salla.

Ta farko: ana zaman tahiya bayan kowace raka'a ta biyu, da kuma bayan ta ƙarshe. Asuba zama ɗaya, domin ta biyun ita ce ta ƙarshe. Sauran huɗun zama bibbiyu. A zaman tsakiya ka karanta tahiya zuwa kalmar shahada ka miƙe, kuma a Malikiyya ba ka yin kabbarar wannan miƙewar sai ka daidaita a tsaye. A zaman ƙarshe ka ƙara salatin Annabi da addu'a, sannan ka ce Assalamu alaikum kana ɗan juyawa dama. Wannan sallamar ita ce farilla. Mamu yakan ƙara mayar wa liman, da wanda ke hagunsa idan akwai. Masu yin sallama biyu dama da hagu su ma suna da hujjarsu.

Ta biyu: sura a raka'o'i biyun farko kaɗai take. Ta uku da ta huɗu Fatiha ce zalla.

Ta uku: ana bayyana karatu a Asuba da biyun farko na Magariba da Isha'i. Azahar da La'asar da duk raka'a ta uku da ta huɗu asirtawa ake yi. Mafi ƙarancin bayyanawa ga namiji ya jiyar da kansa da na kusa da shi, mace kuwa ta jiyar da kanta kawai.

A raka'a ta biyu ta Asuba ana alƙunutu a asirce, an fi so kafin ruku'u. Mustahabbi ne, wanda ya manta babu komai a kansa.

Ga wata hanya ta gwada kanka: ƙirga kabbarori. Sallar raka'a 2 tana da kabbara 11, mai 3 tana da 17, mai 4 tana da 22. Kowace raka'a biyar, ka ƙara ta harama, ka ƙara ta miƙewa daga zaman tsakiya. Idan ka zauna ka lissafa da yatsu lissafin ya fita daidai, ka gane tsarin.

Mataki na 4: Idan ka tarar an fara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka tsaya ka maimaita karantawa.

Kada ka sheƙo da gudu. Ka shiga sahu, ka yi kabbarar harama kana tsaye ƙyam da niyyar shiga salla, sannan ka yi wata kabbarar ka sunkuya. Wanda ya faɗo ruku'u da kabbara ɗaya, ita ma da nufin ta ruku'u ce, bai shiga salla ba tukuna. Idan hannuwanka sun kai gwiwa kafin liman ya ɗago, ka sami raka'ar. Idan ya riga ka ɗagowa, ka bi shi a duk halin da yake, amma kada ka ƙirga ta. Idan kana shakka ko ka riske shi, ka jefar da ita.

Bayan liman ya yi sallama ka miƙe, ba kafin nan ba. Ƙa'idar Malikiyya a nan ita ce: ramuwa a karatu, gini a aiki. Ma'ana, wajen karatu kana rama abin da ya wuce ka yadda liman ya yi shi, wajen zama kuwa kana ƙirga raka'o'inka ne daga wadda ka fara samu.

Ɗauki Magariba, ka sami ta ƙarshe kaɗai. Ka miƙe ka karanta Fatiha da sura a bayyane, domin ramuwar raka'ar farko ce. Ka zauna tahiya, domin a lissafinka ita ce ta biyu. Ka miƙe ka sake Fatiha da sura a bayyane, ka zauna ka sallame. Ka ga Magaribarka ta zo da zama uku, kowace raka'a da zamanta, kuma daidai ne. Mutane da yawa suna haɗe biyun nan ba zama, su rasa zaman tsakiya.

Isha'i, ka sami ta ƙarshe kaɗai. Raka'a ta farko da za ka kawo: Fatiha da sura a bayyane, ka zauna. Ta biyu: Fatiha da sura a bayyane, kada ka zauna, domin ita ce ta ukunka. Ta ƙarshe: Fatiha kaɗai a asirce, ka zauna ka sallame. Azahar da La'asar haka suke, sai dai komai a asirce.

Idan biyun ƙarshe ka samu a salla mai huɗu, ka kawo biyu da Fatiha da sura, babu zama tsakaninsu. Idan ɗaya ce ta wuce ka, ka kawo ta da Fatiha da sura.

Kabbarar miƙewa ma tana da ƙa'ida. Idan raka'a biyu ka samu, ko ba ka sami ko ɗaya ba sai tahiya, ka miƙe da kabbara. Idan ɗaya ko uku ka samu, ka miƙe ba kabbara, domin zaman da ka yi na bin liman ne, ba wurin zamanka ba ne.

Mataki na 5: Gyaran rafkanuwa

Kafin ka gyara, ka tambayi kanka: abin da na bari farilla ne, ko sunna mai ƙarfi, ko mustahabbi? Farilla sai an kawo ta, sujadar rafkanuwa ba ta maye gurbinta. Su ne niyya, kabbarar harama, Fatiha, tsayuwa dominsu, ruku'u da ɗagowa, sujada da ɗagowa, natsuwa, daidaituwa, jerantawa, da sallama da zamanta. Sunnoni masu ƙarfi kuwa su ne sura, asirtawa, bayyanawa, sauran kabbarori, Sami'allahu, tahiya biyu da zamansu. Mustahabbi, kamar tasbihin ruku'u da amin da alƙunutu, ba a yi masa sujada.

Ragi ana gyara shi da ƙabli: bayan tahiyar ƙarshe ka yi sujada biyu, ka sake tahiya, ka sallame. Ƙari ana gyara shi da ba'adi: ka sallame, ka yi kabbara a zaune, sujada biyu, tahiya, ka sake sallama. Idan ragi da ƙari suka haɗu, ƙabli ne. Duka biyun daga aikin Annabi aka ɗauko su: ya taɓa miƙewa bayan raka'a biyu bai zauna ba, ya yi sujada kafin sallama, ya kuma taɓa sallamewa a raka'a biyu har sahabi Zul Yadaini ya tambaye shi, ya cika ya yi sujada bayan sallama.

Ga waɗanda suka fi aukuwa.

Ka manta zaman tsakiya. Idan ka tuna hannuwanka da gwiwoyinka ba su bar ƙasa ba, ka zauna, babu komai. Idan sun bari, ka wuce kada ka dawo, ka yi ƙabli. Idan ka dawo bayan ka miƙe, sallar ba ta ɓaci ba, amma ba'adi za ka yi.

Ka manta sura har ka sunkuya: kada ka dawo, ƙabli. Ka asirta a wurin bayyanawa: ƙabli. Ka bayyana a wurin asirtawa: ba'adi. Kabbara ɗaya ta kuɓuce, ban da ta harama: babu sujada, sai in sun kai biyu.

Kana shakka uku ka yi ko huɗu: ka ɗauki uku, ka kawo ɗaya, ka yi ba'adi. Amma wanda shakka ta zame masa ciwo, kullum sai ta zo masa, hukuncinsa dabam ne: ya yi watsi da ita, kada ya ƙara komai, ya yi ba'adi kawai. Ina jaddada wannan domin akwai bayin Allah da ke maimaita salla sau uku sau huɗu suna zaton tsantseni ne, alhali waswasi ne yake ƙara samun gindin zama.

Ka miƙe zuwa ta biyar: ka zauna nan take duk inda ka tuna, ka sallame, ba'adi. Ka sallame a raka'a biyu: idan ba a jima ba, ka zauna ka yi kabbara da niyyar komawa, ka cika, ba'adi. Idan an jima ko ka bar masallaci, ka sake sallar.

Ka bar sujada ɗaya, ka tuna kana tsaye a raka'a ta gaba: ka koma ka zauna, ka yi sujadar, ka ci gaba, ba'adi. Idan ba ka tuna ba sai da ka ɗago daga ruku'un raka'a ta gaba, damar komawa ta wuce. Waccan raka'ar ta rushe, wadda kake ciki ta hau gurbinta, sai ka ƙara ɗaya. Sujadar ba'adi ce, sai fa idan raka'ar mai aibin tana cikin biyun farko kuma ba ka tuna ba sai bayan ɗagowa daga ruku'un ta uku. A nan ƙabli ne, domin ta ukun da ta koma ta biyu ba ta da sura.

Wanda ya manta ba'adi ya yi shi duk lokacin da ya tuna, ko bayan shekara. Ƙabli ba haka yake ba. Idan ka sallame ba ka yi ba, ka yi shi nan kusa. Idan an jima, kuma sunnoni uku ne suka haddasa shi, kamar barin zaman tsakiya, sallar ta ɓaci.

Mamu ba ya sujada don rafkanuwar kansa, liman ya ɗauke masa, muddin ba farilla ya bari ba. Idan liman ne ya rafkana, a ce masa Subhanallah. Wanda ya zo a makare kuma ya sami raka'a ɗaya ko fiye, ya bi liman a ƙabli, amma ba'adi ya jinkirta shi har ya gama ramuwarsa. Bin liman a ba'adi da gangan kafin cika salla yana ɓata ta, kuma kuskure ne da ake gani kullum a sahun baya. Wanda bai sami ko raka'a ɗaya ba, ba ya bin liman a ko wanne.

Mataki na 6: Inda adadi ko siffa ke canjawa

Mara lafiya raka'o'insa ba sa raguwa, siffa ce take sauƙaƙa. Wanda ya kasa tsayuwa ya jingina, in ya kasa ya zauna, in ya kasa ya kwanta a gefen dama yana fuskantar alƙibla, ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Mai ciwon gwiwa da ke iya tsayuwa ya yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, kada ya fara daga kujera.

Matafiyi yana mayar da masu huɗu zuwa biyu idan tafiyar ta kai mil 48, wato kilomita tamanin da 'yan kai. Kano zuwa Zariya ko Katsina ta kai, zuwa Wudil ko Bichi ba ta kai ba. Ana fara ƙasaru bayan an wuce gidajen gari, ba a tashar Unguwa Uku ba. Asuba da Magariba ba a taɓa su. Niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ƙasaru, haka ma idan ya bi liman mazauni ya sami raka'a, huɗu zai cika.

Bayan Isha'i akwai shafa'i raka'a 2 da wutiri 1, da sallama tsakaninsu. Kafin Asuba akwai raka'atal fajri 2. Nafila bibbiyu ake yin ta, har da asham a watan azumi. Sallar Idi raka'a 2 ce, kabbara 7 a ta farko har da ta harama, 6 a ta biyu har da ta miƙewa. Jana'iza kuwa ba ta da raka'a ko ɗaya, kabbara 4 ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada.

Juma'a raka'a 2 ce a bayyane bayan huɗuba biyu. A manyan masallatai irin na Cikin Gari kusa da Gidan Rumfa, ko na Fagge, sahu yakan fito har titi, kuma a nan ne masu makara suke rikicewa. Idan ka sami ruku'un raka'a ta biyu, ka sami Juma'a: bayan sallamar liman ka kawo ɗaya da Fatiha da sura a bayyane. Idan ruku'un ya wuce ka, ko da ka sami sujada da tahiya, Azahar za ka yi raka'a 4 a asirce, ba biyu ba. Idan aka ɗauke wuta lasifika ta yi shiru kana sahun waje, kada ka yanke salla kuma kada ka ci gaba da lissafinka kai kaɗai. Ka bi muryar mai jiyar da kabbara idan akwai, in babu ka bi motsin sahun da ke gabanka har a yi sallama.